Teɓa ta dame ni: in bar shawarma da burodin mai shayi, ko in rage kawai?

Sani_Zariya
Assalamu alaikum ƴan uwa, shawara nake nema. Shekarata 36, tsawona mita 1.72, nauyina kilo 94. Kwanan baya aka auna ni a gidan likita, aka ce tansiyona ta fara hawa, in rage ƙiba. To iyalina suna Tasawa, ni kaɗai nake zaune nan Maraɗi saboda aiki, abincina duk na saye ne. Da safe burodi da ƙwai da mayonez wurin mai shayi. Da rana abin da ya samu kusa da biro, shinkafa da wake ko taliya. Da dare shawarma, ko kaza da frit, in kora da lemu mai sanyi. Na fara tafiyar ƙasa bayan sallar asuba. Tambayata, dole ne sai na bar wannan cimar kwata-kwata, ko tafiyar za ta wadatar in na dage? Girki dai ban iya ba, kuma in na taso aiki ko gawayi ba na iya hurawa.

Bagobirin_Tibiri
Wa alaikumus salam. Maganin wanga abu guda na, ka tai Tasawa ka ɗauko iyalinka. Magana ta ƙare.

Maman_Haidar
Bagobiri kai dai ba ka rabo da wasa. Maigidana safe, rana da dare a gida yake ci, amma teɓarsa ta fi ta kowa a layinmu. Mu mata mun san abin da muke zubawa a tukunya. Miyar da mai bai taso samanta ba, cewa ake uwargida ta yi rowa. Saboda haka Malam Sani, ko Madam ta zo, in ba a taɓa ludayin mai ba, kana nan inda kake.

Rabi_Infirmiya
Malam Sani sannu da ƙoƙari, tafiyar nan kada ka bar ta, tana taimakon tansiyo ko da kilo bai motsa ba. Amma ita kaɗai da wuya ta sauke maka nauyi, bari in nuna maka da lissafi.

IMC ɗinka, wato nauyi a raba da tsawo sau tsawo, ya kusa 32. Daga 25 an ce nauyi ya wuce kima, daga 30 kuma ƙiba ce sosai. Mutum mai jikinka in ya yi tafiyar minti 30 da sauri, abin da zai ƙona bai wuce kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 150 zuwa 200 ba. Gwangwanin Coca-Cola na santilita 33 yana da sukari giram 35, kalori wajen 140 ke nan. Ka ga lemun dare ya kusa cinye tafiyar asuba, tun ba a zo kan shawarmar ba. Babban cokali na mai kalori 120 ne, na mayonez ya kusa 100, kuma ka san mai shayi ba cokali ɗaya yake shafa wa burodi ba. Dalili shi ne giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na sitacin hatsi ko furotin ɗin nama kuwa 4 ne.

Ni ba zan ce ka bari kwata-kwata ba, don wanda ba ya girki in ka hana shi abincin saye ka hana shi ci. Fara da lemun, shi ne mafi sauƙin cirewa, don ba ya ƙosarwa. Sai mayonez, sai frit. Kada ka sa ran abin ya zube a wata guda. Rabin kilo zuwa kilo 1 a sati shi ne daidai. Ko kilo 5 ka sauke, wato wajen kashi 5 cikin 100 na nauyinka, ana iya ganin bambanci a tansiyo.

Dan_Kabukabu_227
Ni fa ban yarda ba. Duk abin da ya lissafa ina ci, har da indomi da ƙwai uku ƙarfe sha biyun dare, ga ni nan kilo 58 tun ina saurayi. Ƙiba halitta ce kawai. Wanda Allah ya yi zai yi teɓa ko ruwa ya sha sai ya yi.

Rabi_Infirmiya
@Dan_Kabukabu_227 gado yana da nasa rabo, ban musa ba. Amma kai wuni kake cikin rana, sau nawa kake tsallake abincin rana? Shi kuwa yana zaune kan kujera. Sannan rashin jiki ba ya hana hawan jini, ƙanena. Gishirin da ke cikin ƙullin indomi bai san siriri ba. Ka biyo a auna ka.

Ibro_Mai_Shawarma
To ga mai sana'ar ya zo, a bar ni in kare kaina. Ku tsaya ku ga yadda ake naɗa ta. A shimfiɗa burodin, a shafe shi da mayonez, a zuba nama, a ɗora frit a ciki, ɗan kabeji da albasa da tumatir, a ƙara mayonez da ketchup a sama, a naɗe a ɗora kan wuta. Naman da ke ciki bai taka kara ya karya ba, abin da ke cika ta frit ne da miyar. Kuma wallahi cikin masu saye, da wuya ka ji wanda ya ce a rage. Kowa "Ibro ƙaro mayonez". In na sa kaɗan a ce na fara tsumulmula, a koma wurin na gaba.

Malam Sani, duk inda kake saye ka ce a yi maka ba frit, mayonez shafa ɗaya, a cika kabeji. Babu mai hana ka, mu ma riba ce gare mu. Kaza kuma ka ce gasasshiya, kada a tsoma ta cikin mai bayan an gasa, don wasu suna yin haka ta yi ƙyalli. Amma a ce a daina zuwa gaba ɗaya, haba Hajiya Rabi, mu ci me?

Rabi_Infirmiya
Ibro ai ban ce a daina ba, koma ka karanta. Kai ne ma ka tona asirin da ban sani ba, na tsoma kaza a mai.

Dalibi_UDDM
Ni ina ganin ana ɗora wa nau'in abinci laifin da ba nasa ba. Yawan abin da ya shiga ciki shi ne magana. A 2010 wani malamin ilimin abinci a jami'ar jihar Kansas ta Amurka, Mark Haub, ya yi sati 10 yawancin cimarsa kek na leda da biskit da irinsu, amma ya tsare kada ya wuce kalori 1800 a rana. Ya sauke wajen kilo 12. Ke nan Yaya Sani zai iya cin shawarmarsa kullum ya rame, in dai ya ƙidaya.

Dokta_Mai_Gilashi
@Dalibi_UDDM labarin gaskiya ne, amma ka bar rabinsa. Mutumin yana haɗawa da ƙwayar bitamin da abin sha mai furotin da ɗan ganye, kuma aikinsa ke nan, ya san kalorin kowace loma, komai nasa a rubuce yake jikin leda. Wa zai gaya wa Sani kalori nawa ne a burodin mai shayin unguwarsu? Shi mai shayin ma bai sani ba.

Ga wani binciken da ya fi kusa da tambayar. A 2019 Kevin Hall da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiya ta Amurka, NIH, suka ajiye mutum 20 a asibiti tsawon sati 4. Sati 2 ana ba su abincin da masana'anta ta sarrafa sosai, sati 2 ana ba su wanda aka dafa daga ɗanyen kaya, aka ce kowa ya ci iya son ransa. Lokacin na masana'antar sai ga shi suna cin ƙarin kalori wajen 500 a rana ba tare da sun yi niyya ba, suka ƙara kusan kilo 1. Lokacin ɗayan kuma suka sauke kusan kilo 1. An lura sun fi saurin cinye na farkon. Abu mai laushi, mai maiƙo, mai gishiri, yana wucewa kafin ciki ya aika wa kai cewa ya isa.

Don haka lissafinka daidai ne a takarda. A aikace irin wannan abincin shi ke sa lissafin ya gagara. Mutum 20 ba su da yawa, na sani, kuma shawarmar Ibro ba daga masana'anta ta fito ba, amma burodin da mayonez ɗin da lemun duk daga can suke.

Dalibi_UDDM
Na ji Dokta. Amma har yanzu dai yawan ne ya yi aiki, ba wani sihiri a cikin abincin ba.

Dokta_Mai_Gilashi
Ba mu saɓa a nan ba. Inda muka saɓa shi ne wa zai iya tsare yawan da ƙarfe goman dare, yana gajiye, ƙamshi na dukan hancinsa.

Hajiya_Mai_Atamfa
Ikon Allah. Mu da muka taso, namiji in ya ajiye teɓa cewa ake ya samu, Alhaji ya zauna da gindinsa. Yanzu kuma ta zama cuta. Ɗana Sani, ka rage don lafiyarka amma ka shirya wa bakin mutane. Lokacin da likita ya hana ni sukari na faɗa, har gida aka riƙa zuwa gaishe ni. Wata ta ja ni gefe a wurin biki ta ce Hajiya ko kasuwa ce ta karye? Wata ta ce ko Alhaji zai ƙara aure ne. Sai da na ɗinka sababbin kaya daidai jikina kafin aka sarara mini, don tsofaffin ne ke nuna ramar.

Zinariya_Bagalam
Hajiya kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Maza na neman ragewa, ƴan mata na shan sha-ka-fashe don su ciko kafin biki. A unguwarmu a faranti ake tallarsa tare da maganin ciwon kai.

Nura_Farmasi
@Zinariya_Bagalam yawancin abin da ake sayarwa da wannan sunan dexamethasone ne, wani lokaci a haɗa da cyproheptadine mai buɗe ciki. Na farkon magani ne mai ƙarfi, yana tara ruwa a jiki, ya kumbura fuska, ya hau da sukari da tansiyo, ya raunana ƙashi. Kuma wadda ta daɗe tana sha bai kamata ta yanke rana ɗaya ba, sai likita ya riƙa rage mata a hankali.

Tunda an zo nan, Malam Sani, za a fara kawo maka tallar shayin rage teɓa, in ma ba a fara ba. Da yawansu ganyen filasko ne ko danginsa, gudawa kawai suke sawa. Sikeli zai nuna ka ragu, ruwa ne ya fita, kitsen yana nan.

Sani_Zariya
Na gode ƙwarai jama'a. Nura kamar ka sani, har mutum biyu sun turo mini a WhatsApp. Hajiya Rabi, lemun zan iya bari in sha Allah. Abin da ke ba ni tsoro shi ne daren. In ban ci shawarma ko kaza ba, me zan ci wanda ba sai na dafa ba?

Mushe_Issa
Haba Sani, kamar ba a Maraɗi kake ba. Dambu da zogale fa? Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli fa? Ga Jiratawa nan kusa, zogale ba ya yanke muna. Tuwon hatsi da miyar kuka ana sayarwa a kowace unguwa bayan magariba. Dafaffen wake, ɗanwake, gasasshen kifi, dafaffen ƙwai. Duk na saye ne, duk a tsaye ake miƙo maka, kuma ba wanda ya kai rabin kuɗin shawarma. Ka lissafa ma, in jika ɗaya da rabi kake ba Ibro kowane dare, jika 45 ke nan a wata, ban da lemu. Da wannan kuɗin za ka samu gidan da za ka yi abonema, a riƙa aiko maka da kwano, ka kuma faɗi yadda kake so a sa mai.

Maman_Haidar
Mushe, dambun ma a bi a hankali. Ka tsaya gaban mai dambu ka gani, in ta zuba ta barbaɗa yaji, sai ta ɗauko ludayin nan ta kwarara mai har ya taru a gindin leda. Ɗanwake haka, shinkafa da wake haka. Ni da nake saye cewa nake ta ba ni cokalin in zuba da kaina. Farko ta yi ta dariya, yanzu da ta hango ni take miƙo shi.

Ibro_Mai_Shawarma
Yawwa Maman Haidar, Allah ya biya ki. Ashe ba ni kaɗai ne mai laifi ba. Ƙosai da fanke da awara da tsala duk a mai ake tsamo su, amma don na gargajiya ne ba a ganinsu. Mushe kuma ka bar lissafa mini kuɗin kwastoma a bainar jama'a.

Malam_Na_Limanci
Assalamu alaikum. Abin da likitoci ke faɗa addini ya riga su. A Suratul A'araf aya ta 31 Allah ya ce a ci a sha amma kada a yi ɓarna. Kuma hadisi ya zo a Tirmizi cewa ɗan Adam bai cika wani mazubi mafi sharri daga cikinsa ba, in ba makawa to kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Malam Sani ka riƙi azumin Litinin da Alhamis, ga lada ga lafiya. Sai dai niyya ta zama don Allah, ramar ta biyo baya.

Zinariya_Bagalam
Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, amma wasunmu da azumin Ramadan ma ƙaruwa suke. A sha ruwa da ƙosai da kunu mai sukari da lemu, a dawo tarawi a ci soyayye, a kwanta.

Malam_Na_Limanci
To ai wannan sun riƙe azumin sun saki hadisin, ɗiyata.

Rabi_Infirmiya
Ƙari kan maganar Malam, mai ciwon sukari da ke shan magani ko allura ya tambayi likitansa kafin ya fara azumin nafila, don sukarin na iya faɗuwa.

Zabarma_a_Maradi
Duk kun manta da babban ɓarawo: shayin fada. Sani, kana zaman fada ko ba ka yi? In kana yi, ka kalli mai dafawa lokacin da yake zuba sukari a buta. Da ƙaramin kofin yake aunawa, ya cika shi, na farko, na biyu, na uku, kowanne da nasa. Wani ya sha a fada biyu a dare ɗaya. OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wajen giram 50 ke nan ga babba, in an samu a tsaya a 25 ya fi. Lemu ɗaya da shayi zagaye uku, an wuce. Ban da bawana Bagobiri, shi da ke shan hura da sukari rabin leda.

Bagobirin_Tibiri
Ji min Bazabarme, yaushe bawa ya fara yi wa ubangijinai lissahin sukari? Hura ba ta sa ƙiba. Kakanninmu da ita sunka rayu, ba wanda ya aje teɓa.

Mushe_Issa
Kakanninka suna shan hura su ɗauki hauya su wuni a gona, su dawo a ƙasa. Kuma tasu hatsi ce da nono, ba sukari. Kai kana sha ka hau babur zuwa shago ka zauna. Ragon da aka ɗaure a turke ana tura masa dusa da harawa ai ba ruwansa da ko abincin na gargajiya ne, ƙiba zai yi.

Bagobirin_Tibiri
Mushe yau ni ka mayar rago? Za mu haɗu.

Koci_Laminu
Bari in dawo da mu kan tambayar, don an yi nisa. Ni ra'ayina ya saɓa da na Hajiya Rabi. Cikin waɗanda muke motsa jiki tare da safe, na ga masu cewa "zan rage" da yawa, kuma ragewar ba ta da iyaka. Yau ba frit, gobe frit kaɗan, jibi an koma gidan jiya. Waɗanda na ga sun sauke da gaske su ne suka ce wata guda cur ba su ba wurin, suka canza ma hanyar komawa gida don kada su bi ta gaban mai gashi. Bayan wata harshe ya saba, in sun ɗanɗana lemu sai su ji zaƙin ya yi yawa. Daga nan sai a mayar da shi na ranar Juma'a ko Lahadi. Sannan Sani, OMS ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a sati, ka haɗa da abin da zai ƙarfafa tsoka sau 2 a sati. Kuma ka samu tef ɗin tela ka auna ƙugunka daidai cibiya. Ana so kada ya kai rabin tsawonka, kai santimita 86 ke nan. Wani lokaci tef yana nuna canji kafin sikeli.

Maman_Haidar
Koci, wannan na masu ƙarfin zuciya ne. Ƙanena haka ya yi, ya yanke komai rana ɗaya, salati da ruwan ɗumi kawai. Bai rufa wata ba muka gan shi da kaza guda shi kaɗai, ya dawo ya fi da. Mutumin da ke kwana shi kaɗai a ɗaki, shawarmar nan wani lokaci ba yunwa ba ce, fita ce da hira.

Koci_Laminu
Ai ƙanenki yunwa ya yi wa kansa, ni ban ce a bar cin abinci ba. A ci tuwo a ƙoshi.

Sani_Zariya
Maman Haidar kin faɗi gaskiya, rabin abin hirar ce. Zabarma, fada ina zama, zagaye ukun nan duk da ni. Abin da na tsayar yanzu: lemu na bari, burodin safe ba mayonez, zan nemi gidan abonema don abincin dare. Shawarma ban yanke hukunci ba tukuna, tsakanin Koci da Hajiya Rabi. Tsire da kilishi fa, suna cikin waɗanda za a rage?

Dokta_Mai_Gilashi
Tsoka gasasshiya tana riƙe ciki, ta fi maka frit nesa. Ka ce mahauci ya zaɓo maka marar kitse, kada ya yarfa mai a kai. Damuwata da su gishiri ne da magi, tunda maganar tansiyo ake. Abin da OMS ta ce bai kai giram 5 na gishiri a yini ba, wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin miya da burodi da yaji. Kilishi kuma ga ƙuli ga gishiri, ga shi ba a sanin an ci da yawa. Ka koma a sake auna tansiyon nan bayan ƴan makonni, in an rubuta maka magani kada ka ce sai ka rame tukuna.

Ibro_Mai_Shawarma
Sani in ka yanke hukunci ka zo, ta kabeji zan yi maka. Kuɗin dai ba ya canzawa.

Dan_Kabukabu_227
Hajiya Rabi, awon tansiyon nan nawa ake biya, kuma sai mutum bai ci komai ba ake zuwa?

Rabi_Infirmiya
Ba sai da yunwa ba, wannan na awon sukari ne. Kada dai ka sha shayi ko kofi ko sigari rabin awa kafin nan, in ka iso ka zauna minti 5 ka huta. Kuɗin ya danganta da wurin, ka tambaya a CSI, wato gidan likitan unguwarku, ko farmasi, ba shi da tsada.